Shekara 35 a bayan kati ɗaya: yadda ake taƙaita tarihin rayuwa

Wani baba ya shigo shagona a Samaru ana saura kwana huɗu walimar ritayarsa, da takardun fulskaf guda bakwai a cikin leda, rubutun biro. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ɗana, tarihina ne, za a sa a bayan takardar walima, kar ka cire ko harafi ɗaya." Takardar walimar kuwa A4 ce da aka ninke biyu, gaba hoto da suna, ciki jerin yadda taro zai gudana, bayan nan ne kawai namu, shi ma sai an bar wurin addu'a a ƙasa. Na ce Baba ko da tsinin allura zan rubuta ba zai shiga ba. Ya ce to a rage girman rubutun mana. Na ce in na rage, abokanka da za su zo duk masu tabarau ne, wa zai karanta?

Sana'ata kenan, buga takardu, kwamfuta biyu da firinta da wani tsohon injin fotokwafi da ya girmi yaron shagona. Furojet ɗin ɗalibai da katin biki su ne abincin yau da kullum, amma kusan duk wata sai wani ya zo da wannan aikin na taƙaitaccen tarihi, mai ritaya ne, ko ɗan takarar kansila da ke son fosta, ko wanda za a karrama a islamiyya, ko yaron da zai je intabiyu an ce masa za a tambaye shi ya faɗi ko shi waye. Da na ga abin yana maimaituwa sai na fara lura da inda mutane ke maƙalewa, shi ne na ce bari in rubuta yadda nake yi da su, ko wani ya huta da biyan kuɗin shafi bakwai.

Abu na farko da nake tambaya shi ne wa zai ji ko wa zai karanta. Mutane suna zaton tarihin mutum guda ɗaya ne, a'a wallahi. Waliyyin yarinyar da kake nema in ya ce "to malam kai waye", ba ya neman jin ka iya kwamfuta, so yake ya ji ɗan gidan wa ne kai, wace unguwa, me kake yi da za ka riƙe masa 'ya, a wane masallaci za a je a tambayi halinka. Masu intabiyu kuma ba ruwansu da kakanka limamin wane gari ne. 'Yan ajinku da kuka rabu shekara ashirin abin da suke so su sani ina ka shige, kana da iyali, kuma har yanzu kana nan da tsokanar nan taka. So kafin ka ɗora biro, rubuta a saman takarda waɗanda za ka yi wa maganar, in ya so ka yi kala uku ka ajiye a waya, kowanne da wurinsa.

Daga nan kar ka fara da gajartawa, fara da zubarwa. Baban nan bai yi kuskure ba da ya rubuta shafi bakwai, kuskuren shi ne da ya ɗauka an gama. In rubutu na ba ka wahala kunna rikoda a waya ka yi ta magana kamar kana ba jikanka labari, minti goma ko ashirin, daga baya ka saurara. Galibi abin da ya kamata ya shiga katin ba ya cikin rubutun ma, a hira yake fitowa, kuma haka ta faru da baba. Takardunsa cike suke da ranar da aka ɗauke shi aiki, ranar da aka tabbatar da shi, ƙarin girma daga mataki kaza zuwa kaza, sunayen duk ogannin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu har da wanda ya yi riƙon ƙwarya na wata uku. Sai da aka ɗauke wuta, yaro ya fita tada janareto, muna zaune ana fifita, na ce Baba wai wane aiki kake yi ne takamaimai, don ban gani a takardun ba. Ya ce, "Au, ban sa ba? Ai direban motar asibiti ne ni." Shafi bakwai fa, babu kalmar direba, don an canza wa muƙamin suna zuwa wani dogon turanci shi kuma ya kwafo yadda yake a fayil. Na ce a shekara 35 ɗin nan ka taɓa hatsari? Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya tsare, ko akuya bai taɓa bugewa ba da mara lafiya a mota. Na ce an taɓa haihuwa a motar? Sai ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce sau uku, ɗaya ma a hanyar Giwa da daddare ana ruwa, ya faka a gefen titi ya fita ya tsaya cikin ruwan da tocila yana jira, yarinyar da aka haifa sunan uwargidansa aka sa mata, yanzu haka ta yi aure. Na ce Baba to ai ga tarihin nan, ka bar shi a baki ka kawo mini fayil.

Yanzu sai yanka. Ina da gwaji ɗaya da nake yi wa kowane layi: cire sunanka ka sa na maƙwabcinka, in maganar ta zauna daidai to ba taka ba ce, goge ta. "An haife shi a Zariya, ya yi furamare, ya yi sakandare, ya yi karatun allo", wannan rabin mutanen Tudun Wada ne da Gyallesu. "Haziƙi ne, jajirtacce, mai kishin al'umma, mai son ci gaban matasa", wannan kuma na buga shi a fosta ya fi sau ɗari, har kwamfutata ta haddace, ina rubuta haziƙi take kawo sauran. Ba wai ƙarya ba ne, kawai dai ba ya nuna kowa. Makaranta tana shiga ne in ita ce ta juya rayuwar, misali wanda ya koma aji yana da shekara arba'in, ko wadda ita ce mace ta farko a gidansu da ta shiga ABU. In ba haka ba rabin layi ya ishe ta.

Abin da ya rage bayan yankan, ka duba ka ga aiki ne ko muƙami. Muƙami ba ka aka yi, aiki kai ka yi. Mu a nan ba sai mun je nesa neman misali ba. Wanda ya gina masallacin Juma'a na cikin birni a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, kalma biyu aka taƙaita shi da su, Babban Gwani, kuma kusan shekara ɗari biyu ba a buƙaci ƙari ba, don ginin ne ya yi bayani. Sarauniya Amina kirarinta layi ɗaya ne, 'yar Bakwa ta san rana, sai ganuwa da ake jingina mata. Jaridar da aka fara bugawa a garin nan a 1939 sunanta kalma huɗu, Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta faɗi kuɗinta ta faɗi manufarta a numfashi ɗaya. Kai ko sunayen da iyayenmu ke sa wa yara ai taƙaitaccen tarihi ne, ka ji Tanko ka san mata ya biyo, Kande maza ta biyo, Gambo bayan tagwaye ya zo, Audi bai tarar da mahaifinsa ba, Azumi kuwa ba sai an faɗa maka watan ba. To mutanen da suka iya wannan, yaya za a ce jikokinsu sai da shafi bakwai?

Ka nemi lamba ɗaya, amma ɗaya tak. Lamba tana da nauyin da yabo ba shi da shi. In aka ce marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan karaga, daga 1975 zuwa 2020, ba sai an ƙara da cewa ya daɗe ba, kowa zai lissafa da kansa cewa akwai masu jikoki da ba su san wani sarki ba sai shi. Kai ma kana da irin taka, ɗalibai nawa suka sauke a hannunka, shekara nawa kana buɗe shago bayan asuba, yara nawa ka koya wa ɗinki suka buɗe nasu. Amma in ka jera lambobi biyar sun kashe juna, ya koma rasit. Kuma don Allah lambar ta zama wadda in an ƙalubalance ka za ka iya tsayawa a kanta, Zariya ƙarama ce, wanda ya san gaskiyar yana layi na biyu a wurin taron yana cin cincin.

Inda na fi shan fama shi ne da iyayenmu mata. Wata hajiya 'ya'yanta suka kawo ta, islamiyyarsu ta matan aure za ta karrama ta, an ce a kawo layi biyar. Tana zama ta ce, "Ni fa ɗan nan ba ni da wani tarihi, ban yi boko ba, ban yi aiki ba, ina ɗaki." Babbar 'yar ta ce haba Umma. Na ce Hajiya to a ɗakin me ake yi? Shiru. Sai ƙaramar ta ce ai ita ce uwar adashin layinsu tun kafin a haife ta. Na ce shekara nawa kenan, suka lissafa da auren wance da haihuwar wane, ya kama ashirin da biyu. Kuɗin wani ya taɓa maƙalewa? Hajiya ta ɗago a fusace kamar na zage ta, ta ce ko sisi. Daga nan bakin ya buɗe, ashe banda nata ta riƙe marayu huɗu na ƙaninta har ta aurar da su, ashe da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta biya wa babbar kuɗin jarabawa, ashe ta fara koyon baƙi tana da jika, yanzu ta kai izu ashirin. Layi biyar ya yi mana kaɗan, sai da muka zaɓa. Ke da ke karanta wannan kina cewa ba ki da abin faɗa, ki zauna da ƙanwarki ko 'yarki ki ce ta lissafo miki, za ki sha mamaki.

Wannan ma dabara ce da kowa ya kamata ya yi, ka tambayi mutum uku su faɗi kai waye a magana ɗaya. Ɗaya na sama da kai, ɗaya abokin da ba ya jin kunyarka, ɗaya kuma wanda ke ƙarƙashinka, yaron shago ko ɗalibi ko ƙani. Matarka ma in kana da ƙarfin zuciya. Abin da ya fito a bakin biyu daga ciki, shi ne kai, ko ba ka so. Ai dama a ƙarshe mutane ne ke yin taƙaitawar, a sanarwar rasuwa a rediyo shekaru ne da yawan mata da 'ya'ya da jikoki, a bakin maƙabarta kuma kalma biyu ce ko uku, kuma hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa aka yabe ta Annabi (SAW) ya ce ta wajaba, aka wuce da wata aka faɗi sharrinta ya ce ta wajaba, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. To gara ka ji samfurin shaidar tun kana iya gyarawa.

Sai maganar kunya. An raine mu da cewa yabon kai jahilci, shi ya sa mutum zai gwammace ya jero sunayen makarantu da ya ce ga abin da na yi. Mafitar mai sauƙi ce, faɗi abin da ya faru ka bar sifa. Kar ka ce ni mai gaskiya ne, ka ce shekara 22 ina riƙe da adashi. Kar ka ce ni gwani ne, ka ce injin da aka kai Kaduna aka dawo da shi ni na tada shi. Mai ji shi zai sa sifar da kansa. Alhamdulillahi ɗaya a farko ko a ƙarshe ta wadatar, ba sai kowane layi ba. Akwai kuma abin da ni ba na bari ya shiga ko an matsa mini in dai takardar za ta yi yawo, cikakkiyar ranar haihuwa, sunan mahaifiya, yawan gidaje da gonaki. Na farko da na biyu irin abin da 'yan damfara ke nema ne, na ukun kuma a halin da ake ciki na tsaro ba sai na yi bayani ba.

To shekarun da ba a yi komai ba fa, ko waɗanda aka faɗi? Matasa sun fi damuwa da wannan, yaro zai ce yaya na kammala tun shekara huɗu ba aiki me zan ce. Na farko dai da wuya a ce ba ka yi komai ba. Wani da ya zo gyaran sibi, wato takardar bayanin kai ta neman aiki, yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas a wurin mai gyaran waya a PZ ya yi shi, yana ɓoyewa wai kar a raina shi, alhali shi ne abu ɗaya a takardar da ya bambanta shi da sauran 'yan ajinsu. Karayar jari, mutuwar aure, jinya mai tsawo, ba dole ka faɗa ba, taƙaitawa ba ikirari ba ne a gaban alƙali. Amma in faɗuwar ita ce ta haifi abin da kake yanzu, ba ta rabin layi ka wuce, kamar "bayan gobara ta cinye shagonsa ya sake farawa da teburi ɗaya". Abin da ba a yi shi ne cike gurbin da ƙarya, ka ce kana harkar kasuwanci a Abuja alhali kowa na ganinka a majalisar mai shayi a Kwangila.

Ka rubuta da harshen da za ka faɗe shi. Kanawa suna tsokanarmu wai Bazazzagi ko ruwa zai roƙa sai ya haɗa da turanci, to a wannan wurin dai suna da ɗan gaskiya, na sha ganin an rubuta da turanci an juyo shi Hausa ya fito kamar sanarwar gwamnati. In taron na Hausa ne yi tunaninsa da Hausa tun farko.

In ka samu layukanka, tashi tsaye ka karanta da ƙarfi ka kunna agogon waya. Duk inda numfashi ya yanke ko harshe ya harɗe, wurin yana da kalmar da ta yi yawa. Ni da na gwada a natse, minti ɗaya ba ya ɗaukar mini fiye da layi tara zuwa goma na rubutun kwamfuta. Na waya kuma ya fi tsanani, Facebook harafi 101 yake bayarwa a wurin gabatar da kai, Instagram 150, X kuma 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi ake ƙirgawa. A irin wannan abu biyu kawai ke shiga, me kake yi, a ina. "Ina gyaran injin ban ruwa a Shika" ya fi "ɗan Adam mai neman rahamar Ubangiji" amfani, don duk muna nema, amma mai injin da ya lalace kai yake nema.

Kuma ka yi hattara da gaisuwa, nan ni kaina na taɓa kwana ciki. A taron tsofaffin ɗalibanmu aka ce kowa minti ɗaya, na karɓi makirfo na fara da shugaban taro, malamanmu, iyaye, 'yan uwa maza da mata, wanda ya zo daga nesa da na kusa, ina cewa "sunana" mai gabatarwa ya miƙo hannu ya ce lokaci ya yi. Mutumin da ke gyara wa mutane tarihi ya zauna ba a ji ko sana'arsa ba, har yau 'yan ajinmu in sun gan ni sai su ce ga Sunana nan. Sallama ɗaya, "ina gaida manya da ke wurin nan", shikenan ka shiga magana.

Na baba direba ga yadda ya fito a ƙarshe, bayan suna da garin haihuwa: ya yi shekara 35 yana tuƙa motar asibiti, dare da rana, bai taɓa hatsari da mara lafiya ba. An haifi yara uku a motarsa kafin a kai asibiti, dukkansu suna raye. Yana da iyali, ya yi ritaya zai koma gona. Na karanta masa sau biyu, ya yi shiru yana kallon sikirin, sannan ya ce ogannin fa, ba za su ji haushi ba? Na ce Baba sunansu na cikin jerin manyan baƙi a shafin ciki, sun samu nasu. Ya ce to buga.

Washegari da sassafe ina buɗe shago sai ga shi a kan mashin, ya ce bai yi barci ba, akwai mutum ɗaya da dole a sa, wani direban babbar mota a tashar Sabon Gari da ya ɗauke shi yaron mota yana ɗan shekara sha biyar, ya koya masa tuƙi bai karɓi ko kwabo ba, ya rasu tun kafin baba ya samu aikin gwamnati. A shafi bakwai ɗin nan ko sau ɗaya sunansa bai fito ba. Wurin ya riga ya cika, na duba na duba, na ce sai dai mu cire maganar komawa gona. Ya ce cire, gonar ai tana nan. Muka sa layin, na sake fitar da gwaji ɗaya ya riƙe shi nesa da fuska ya karanta ba tabarau, ya ce a buga 150.